Alƙalancin Allura

Ni ce mai riƙe da biro a daren,
shekarata sha biyu, rubutuna ya fi na yayyena kyau.
Baba ya kife turmi, ya ɗora ni a kai,
ya ce, “Abin da allura ta nuna za ki rubuta, Hansai,
ban da abin da ni ko Barau muka faɗa.”

Eriyar Baba ta alminiyum ce, hannu uku.
A Ƙofar Ruwa ya sayo bututun,
ya ɗauro shi a saman motar Haɗeja,
ya auna kowane hannu har sau bakwai.
Takardar da ya bi ta yi masa alkawari:
murya za ta tafi kamar kibiya.
Ta Barau kuwa gora ce, murabba’i biyu,
ya zagaye su da tagullar wata ƙonanniyar fanka.
Yaran Auyo in sun wuce sai su ce
gizo-gizo ya yi shanya.

Damina biyu suna musu bayan la’asar,
har ladan ya gaji, ya ce su gwada mana.

Batirin mota ɗaya, rediyo ɗaya, makunni ɗaya,
dogayen turaku biyu a bayan gari,
ɗaya kan tudun yashi, ɗaya a bakin fadama.
Wani mutum a Agadas ya amsa sallama.
Ƙas, aka juya: bakwai. Ƙas: bakwai.
Kowa ya yi gyaran murya.

Can wani Bature ya taso daga cikin shuu,
muryarsa siririya kamar zaren koyo.
Gora ta ba shi shida, bututu huɗu da ɗan ƙari.
Baba ya ce in rubuta ɗan ƙarin.
Na ce allura ba ta faɗa ba.

Da injin niƙan Ɗanladi ya tashi,
bututu ya kwashi ƙara kamar an watsa tsakuwa a kwano,
gora ta yi shiru, ta bar maganar ta wuce.
Amma da aka juya musu ƙeya zuwa arewa
ta Baba ta toshe kunne ƙam, yadda ake so,
ta Barau tana ta satar ji ta baya
kamar maƙwabciya a jikin zana.

Kafin asuba shafi huɗu sun cika.
Barau ya fara murza gemu.
Baba ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya daɗe a ƙasan,
sannan ya ce, “A yi musanyen turaku.”

Wuni guda aka yi ana sauke wa, ana ɗaurawa,
igiya ta ci tafin hannun mutum shida.
Dare ya yi, na koma kan turmina.
Baturen jiya ya dawo da tarinsa.
Bututu shida. Gora huɗu.
Na goge idona, na ƙara lagwani,
na sake duba: shida, huɗu.
Duk wadda ta tsaya a bakin fadama, ita ke ci.
Ashe damshin ƙasa muke ta aunawa.

Ba wanda ya ce uffan.
Kwaɗi kaɗai ke ta ba da rahoto.

Fadamar ta Inna Tabawa ce, mai albasa.
Da safe suka je tare, huluna a gyare,
kowa na roƙon taku uku na kafa turke.
Ta ce, “Ɗaya zan bayar, ku yi karɓa-karɓa,
wanda ya taka mini shuka ya biya.”

Littafin yana nan a akwatina,
da tabon kananzir a shafi na uku.
Inda Baba ya ce in sa ɗan ƙari
akwai ɗigo ɗaya na biro.
Ban tuna na yi shi ba.